Burtalin da ke Ƙarƙashin Ruwa

Babana ba ya cin kifin Tiga. Haka muka taso muka tarar da shi. In Inna ta yi miyar kifi sai ya tambaya, "Na ina ne?" Da an ce na dam ne, zai ture kwanon gefe ya ce a kawo masa mai da yaji. Wai shi ba zai ci abin da ya yi kiwo a tsakar gidan ubansa ba. Mu yara ko a jikinmu, sai ma murna, don rabonsa namu ne.

Garin da aka haife shi yana ƙarƙashin ruwan nan. Yana saurayi aka datse kogi, aka tashe su, aka ba su matsuguni kusa da Ƙofa, inda aka haife mu. Tun ranar da ya koro jaki da buhunan hatsi ya fito, bai ƙara leƙa wajen ba, ko bakin ruwan bai yarda ya je ba. Amma garin bai bar bakinsa ba. In ya samu mai saurare, sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya hau zane. Ga dutse a bayan gari, ga masallaci, ga rijiya mai ruwan zartsi, ga kukar da ake ɗaure jakuna. Daga nan sai ya ja dogon layi daga gabas, wato burtali, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki su je gindin dutse. Layin yana tafiya sak, sai ya zo wani wuri ya lanƙwashe kamar lauje, ya zagaya, sannan ya sake miƙewa. A nan Baba yake dakatawa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun san abin da ya lanƙwasa shi?"

Mun sani sarai, mun ji har mun haddace, amma wa ya isa ya ce ya sani? Gonar kakanmu ce a wurin. Da aka zo fitar da burtali an so a ratsa ta tsakiyarta, tsoho ya ce sai dai a ratsa ta kansa. Aka yi ta kai ruwa rana har gaban dagaci, a ƙarshe hanya ce ta kauce masa. Ya dasa itatuwa ya kewaye gonarsa, ya zauna gadi da karan dawa a hannu. Taurin kai a gidanmu gado ne, ni ma ban tsira ba.

Shekarun baya kaɗan ido ya fara ba shi matsala. Muka je asibiti a Kano, likita ya ce hawan jinin ido ne, magani zai rage masa gudu amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba, kuma ɗan abin da ya saura shi ma tafiya yake yi. A lokacin farin abu ne kawai Baba yake gani sosai, sauran duk dishi-dishi. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, sai ya kira ni. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, an ce dutsenmu bai nutse ba."

"Haka na ji, Baba."

"To ina so in hau shi kafin fitilar nan ta mutu."

Ba wahalar tafiyar ce ta dame ni ba. Garin yana nan cif a cikin kansa, da rijiyarsa da kukarsa, ni kuwa na san abin da ke can, ruwa ne sai ƙarin ruwa. Tsorona kada in kwashi tsoho in kai shi ya tarar da wayam, in dawo da shi ba ido ba gari.

A makarantar da nake koyarwa a Kiru ina da ƙawa, malamar lissafi, Bafulatana ce. Iyayenta suna noma a wajajen Tudun Wada, suna kuma da shanu. Ta taɓa ba ni labari cewa in damina ta kankama, gonaki suka rufe ko'ina, mahaifinta yakan kai shanunsa wani tsibiri a cikin dam su yi kiwonsu ba rigima da kowa. Da na kwatanta mata dutsen Baba, mai tsage a ka, sai ta ce ai shi ne. Ga dogon hutu ya ƙarato, ita ma can za ta je ta sha nono ta huta da ƙurar alli.

"Ku zo mu tafi," in ji ta. "'Yan kwanaki ne. In bai yi masa ba ku juyo."

Ni da nake taƙamar na san dam, ashe gefen da ake sayar da soyayyen kifi kawai na sani. Ta wata ɓarauniyar hanya muka bi, mota ta sauke mu, muka ƙarasa a kan babura, dawa da masara sun fi mu tsawo hagu da dama. Kwatsam gonaki suka ƙare. Na sauka na tsaya baki buɗe. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya gaza, ba a gane inda ya tsaya sama ta fara. Can kudu hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ana zuba ruwa a wani yanki na tafkin, mu kuma muna tsaye cikin rana muna kallonsa yana tafiya abinsa. Na sha karanta girman Allah a littafi, amma ran nan na gan shi da idona.

Baba bai taɓa shiga kwalekwale ba. Aka zaunar da shi a tsakiya, ya damƙe gefe da gefe, ya karanto addu'ar hawa abin hawa, ya haɗa da ta shiga kasuwa da ta fita daga gida, duk wadda ta zo bakinsa. Mai kwalekwale ya ce, "Baba, saura ta cin abinci." Baba ya ce masa ya ji da aikinsa.

Da muka yi nisa sai muka fara wuce busassun rassa da suka leƙo daga ruwa, balbelu jere a kansu. Baba ya ga fari-fari ya tambaya, na ce masa kawunan itatuwa ne. Can sai ya saki gefen kwalekwale, ya sunkuyar da kai, ya yi sallama irin wadda ake yi in an shiga maƙabarta. Iyayen kakanmu duk suna ƙasa a wani wuri da ba mai iya nunawa. Mai kwalekwale ya ɗaga filafilinsa daga ruwa, muka yi ta shawagi a hankali har Baba ya shafa.

Tsibirin bai fi a zagaye shi tsakanin la'asar da magariba ba. Ciyawa ce kore shar har gwiwa, dutse a tsakiya, 'yan bukkoki a gindinsa, maruƙa ɗaure a igiya guda suna ta kuka. Shanun tatsa ne kawai a wurin, babban garken yana dajin kudu wajen Doguwa, ana sa ran isowarsa. Mahaifiyar ƙawata ta tarye mu da "Jabbama, jabbama," ta dire mana ƙwarya cike da kindirmo da fura. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne shirun wurin. Ba ƙarar injin niƙa, ba hon ɗin babur, ba ƙararrawar makaranta. Sai da kunnena ya yi kwana guda kafin ya daina neman hayaniya.

Baba ko furar kirki bai sha ba ya ce a kai shi kan dutse. Na riƙe hannunsa muka hau, yana haki yana ce mini in daina jan sa kamar akuya. Da muka kai sama ya laluba tsagen da hannu, ya gyara tsayuwa, ya fuskanci gabas. Na zuba masa ido. Ya duba, ya juya hagu, ya juya dama, ya kare rana da tafin hannu ya sake dubawa.

"Ina kukar?"

"Babu ita, Baba."

"Ko kanta?"

"Ruwa ne kawai."

"Ta ina muka ɓullo? Nan ne gabas, ko can?"

Na nuna masa. Ya ce ƙarya ne. Ya ce dutsensu ya fi wannan tsawo nesa ba kusa ba, yara sai sun huta sau biyu kafin su kai kansa, wannan kuwa ai suri ne. Na ce masa rabinsa yana cikin ruwa. Ya ce in daina koya masa garinsu. Sai da muka sauko ya faɗi abin da na zo ina tsoro, a hankali, ba da faɗa ba.

"Uwata, yanzu ko na rufe ido ruwan nake gani. Da ban zo ba."

Na rasa inda zan sa kaina. Haushi ya kama ni, na ruwan, na likita, na ƙawata da ta ce mu zo, har da na shi kansa Baban. Na koma bayan bukka na yi kukana na share hawaye, na ce wa ƙawata gobe da sassafe za mu juya.

Da yamma mahaifinta ya dawo daga bakin ruwa. Baffa nake ce masa. Dogo ne siriri, sa'an Baba ko ya ɗan girme shi, sanda a kafaɗa, hannaye rataye a kanta. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida da iyali da damina da gajiya, Baba yana amsawa da ƙyar. Baffa ya zauna ya dube shi.

"An ce kai ɗan tsohon gari ne. Gidan wa?"

Baba ya faɗi sunan kakanmu. Baffa ya sauke sandarsa.

"Mai gonar lanƙwasa?"

Baba ya ɗago kai. Rabon da ya ji wani bare ya ambaci gonar nan, shi ma bai sani ba.

"Ka san ta?"

"Ni kuwa na san ta! Bayana ma ya san ta. Ubanka ya zane ni da kara saboda maraƙi ɗaya ya sa baki a dawarsa. Baki kawai ya sa, Kaɗo, ko ganye bai tsinka ba."

"Ai da ya tsinka da ba ka nan kana ba da labari," in ji Baba. "Ku Fulani kullum baki kawai aka sa."

Suka yi ta yi wa juna tsiya har aka kira magariba, Baffa ya ja mu salla. Na ji daɗin ganin haƙoran Baba, amma da aka idar sai ya sake komawa cikin shirunsa. Da na gaya wa Baffa gobe za mu tafi, ya girgiza kai. Ya ce yaransa sun iso bakin ruwa da garke, gobe da hantsi za su tsallako, ba wanda zai bar tsibirin nan sai ya gani. Ya ce in kai Baba kan dutse, in zaunar da shi daidai tsagen.

Gari ya waye tas, an yi ruwa da asuba, sama ta wanke. Baba ya hau dutsen ne don kunyar mai masauki, yana mita. Muka zauna mu uku, Baffa a damansa, ni a hagu. Can gabas, a gaɓar da ta fi kusa da mu, wani farin abu ya taru kamar an shanya kaya. Iska ta kawo mana kiran makiyaya sama-sama.

Sai farin ya fara zubowa cikin ruwa. Wata tsohuwar saniya ce a gaba, in ji Baffa, ita ce ta fi kowa yawan tsallakawa. Kusa da ita babban ɗansa ne, ya rungumi ƙaton gora yana iyo yana kiranta. Sauran suka biyo ɗaya bayan ɗaya. Da farko tafiya suke ruwa iya ƙirji, daga nan ƙasa ta ƙare musu, jikinsu ya ɓace, sai kawuna da ƙahoni da tozo. Ban taɓa sanin saniya tana iyo ba. Ga su nan fari fat a kan ruwa mai duhu, sun yi layi ɗaya dogo, ba mai wuce wata, ƙahoni suna ƙyalli. Numfashinsu har inda muke, wani irin huci mai nauyi da ke tafe a kan ruwa. Ƙananan maruƙa an ɗauko su a kwalekwale a gefe suna kuka, iyayen suna amsawa daga cikin ruwa. Na ji bakina yana ta subhanallahi ban san na fara ba.

Hannun Baba ya damƙi nawa.

"Uwata, ina ganin su."

"Ka gan su, Baba?"

"Ina ganin su sarai. Farin layi." Ya miƙa wuya. "Daga ina suka shigo? Akwai jan dutse a wurin?"

"Akwai," in ji Baffa. "Mashigar da ka sani ce."

Baba ya saki hannuna ya fara nuni da yatsa, yana bin kan layin. Muryarsa ta canja, ta koma irin ta lokacin da yake zane a ƙasa. "To yanzu suna wuce gonar liman. Nan fadama ce, shi ya sa suka nutse. Rijiya tana hannun hagunsu. In nan ne rijiya, to kuka ga ta can, masallaci kuma nan." Yatsansa yana sauka a kan ruwa wuri bayan wuri, ni ba na ganin komai sai ruwa, amma Baffa yana ta gyaɗa kai yana cewa haka ne, haka ne.

Sun kusa rabin hanya, tsibiri yana gabansu sak, ba abin da ya tare su. Sai na ga tsohuwar saniyar ta karkata dama. Ɗan Baffa ya karkata tare da ita. Ta biyu ta bi, ta uku ta bi. A tsakiyar ruwa, fili fetal, garke guda ya lanƙwashe, ya yi zagaye mai faɗi, ya bar wani wuri a tsakiya ba wadda ta taɓa shi, sannan kan layin ya sake miƙewa ya nufo gindin dutse. Zanen da na taso ina gani a ƙasar tsakar gidanmu ne, ga shi an yi shi da shanu.

Baba ya miƙe tsaye. Na riƙe rigarsa kada ya zame.

"Ardo," ya ce wa Baffa, "me ya hana su miƙewa?"

"Ubanka," in ji Baffa. "Itatuwan da ya dasa suna nan tsaye a ƙasa, ba su ruɓe ba. Shekarar da muka fara tsallakowa mun ce mu yanke, rassa suka riƙe mana ƙafar bijimi, da ƙyar muka cece shi. Ko'ina a ƙasan nan itace ne da rami da katanga. Burtali kaɗai ne fili. Ni na nuna wa yarana, su ma za su nuna wa nasu. Shanun ma yanzu sun sani, ko ba kowa ta nan za su bi."

Baba ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Hawaye yana bin gemunsa bai share ba.

"Har yanzu ba sa shiga gonar babana."

"Wa ya isa?" in ji Baffa. "Mutumin da ya zane ni a kan baki kawai?"

Bai zauna ba sai da ta ƙarshe ta zagaye gonar. Shanun suka fito gindin dutse suna kaɗa jiki, ruwa yana zuba daga gare su, suka sa kai a ciyawa kamar ba abin da ya faru. Ruwan ya koma ya kwanta lumui. Na dubi Baba da fargaba, amma har yanzu yatsansa yana wurin, yana gaya wa Baffa inda rumbunansu suke, suna gardamar ko uku ne ko huɗu.

Ba mu tafi ran nan ba. Mun ƙara kwanaki har sai da maganin idonsa ya kusa ƙarewa. Kullum da hantsi su biyun suna kan dutse suna rabon unguwanni a kan ruwa, ni da ƙawata muna gindin bukka muna shan nono har na fara jin kunyar ƙwaryar. An kawo kifi sau ɗaya, Baba ya ce a kawo masa fura.

Kafin wata daminar fitilar ta mutu. Yanzu ko farin ba ya gani. Yana zaune a zaure mafi yawan yini, jikoki suna ja masa hannu zuwa masallaci. Har yanzu yana share ƙasa ya yi zanensa, da yatsa yanzu ba da tsinke ba, kuma lanƙwasar ba ta taɓa kuskure masa ba.

Duk shekara in dawa ta fi mutum tsawo, da na shigo gaishe shi, kafin in gama durƙusawa zai tare ni.

"Uwata, kira ƙawarki. Shanu sun tsallaka?"

Sai in kira, in sa masa wayar a kunne. Ba ya tambayar ko nawa ne, ba ya tambayar ko ruwa ya cika.

"Ta lanƙwasa suka bi?"

In ji muryarta sama-sama tana cewa ta nan suka bi, Baba.

"To madalla," ya ce, ya miƙo mini wayar.